Wa Ke Shan Ruwan Goggo?

Goggo, kamar yadda duk layin ke kiranta, 'yar mai haƙa rijiya ce. A gidansu ko guntun ruwan wanke hannu ba a watsarwa sai a gindin shuka. Tun tana amarya ta kafa randa a ƙofar gida, da murfi da kofi ɗaure da igiya, don duk mai wucewa. Masu dako, masu tura baro, 'yan makaranta, kowa ya sha ya ɗaga murya ya yi mata addu'a.

Sai duniya ta juya. Famfo ya zo, bayansa ruwan roba mai liƙaƙƙen baki, mutane suka koma kallon randar a kaikaice. Wata rana Goggo ta ji da kunnenta maƙwabciya tana fizge hannun 'yarta: "Kul! Kin san abin da aka zuba a ciki? Wa ke ba da abu kyauta a zamanin nan?"

Maganar ta yi mata ciwo har ta rame. Ita ma dai ba yarda ta yi da nasu ba. "Ruwan da ba ka ga rijiyarsa ba," in ji ta, "ina ka san halinsa?" Kullum sai ta wanke randar ta cika ta, kullum ta tarar da ita yadda ta bar ta.

Kwatsam ruwan ya fara raguwa. Da farko ta yi murna, har abinci ya koma mata daɗi. Amma Goggo ba a yi mata wayo da sauƙi. Mai ƙishirwa yakan ɗauraye kofi ya jiƙa ƙasa, ya bar murfi a karkace. Wannan mashayin kuwa ƙasa a bushe, murfi daidai, kuma ba sallama ba godiya. Ruwa ba ya tsami banza. Ta shafa gindin randar ko ta tsage, lafiya lau. Ta zargi wani mai wankin mota a layin, ta yi kwanaki tana hararar bawan Allah.

Wata safiya ta laɓe a bayan labulen taga. Sai ga mutum ya nufo randar. Ɗanta ne, tela, wanda suke zaune gida ɗaya. Ya waiga hagu da dama, ya ɗebi ruwan a bokiti, ya nufi kwata da shi.

"Kai!" Ta fito ko takalmi babu. "Ashe kai ne?"

"Inna, na ga kina ramewa ne," ya ce, kansa a ƙasa. "Na ce ko ranki zai yi sanyi."

Ta gane tausayi ne, kuma shi ya fi komai ƙona mata rai. Ta tsoma kofin, ta miƙa masa.

"To, sha."

Ya karɓa da hannu biyu, cikin ladabi. Amma kafin ya kai bakinsa, sai da ya leƙa ciki.