Yaron da Muka Baro a Filin Lilo

Na yi shekara talatin da 'yan kai ina aikin kula da walwalar ma'aikata, kuma na manta abubuwa da yawa, amma akwai wata Asabar ta cikin bazara, 'yan shekaru kafin mulkin kai, da har gobe ba ta bar raina ba. Tunda na ji kuna shirin kwasar iyalan ma'aikata zuwa babban wurin wasan yara, bari in ba ku labarinta kafin ku tashi. Ba labari ne mai daɗi ba, kuma ni kaina ban fito da kyau a cikinsa ba.

A lokacin ina ƙaramin akawu a wani kamfanin sayen auduga, ina zaune a Tudun Wada, inda yawancin ma'aikatanmu suke haya. Tsarin ofis ɗin haka yake: Manaja Bature a sama, sai babban akawu, sai mu ƙanana, sannan helma mai kula da leburori, da fitoci masu gyaran inji. Ni aka ɗora wa walwala, wato duk abin da ya shafi ma'aikaci amma bai shafi auduga ba, kamar rashin lafiya da rasuwa da suna da rigimar gidan haya. Shekarata ashirin da huɗu, na gama makarantar midil, ina sa gajeren wando da doguwar safa, ga agogo a hannu, kuma a ganina duk Zariya babu mai tsari kamata.

Da aka rufe kakar auduga sai labari ya zo cewa wasu baƙi sun kafa ƙaton filin wasa a Kaduna, za su yi mako biyu su tashi. Waɗanda suka gano suka dawo da zancen da muka ɗauka ƙari ne: lilon da ke ɗaga mutum ya wuce tsayin rimi, dawakan katako masu zagayawa da inji, ɗakin madubai mai mai da siriri ƙato, da namun daji a keji. Manaja ya kira ni ya ce kamfani zai ba da manyan motoci biyu a kai iyalan ma'aikata, ni zan shirya komai. Sharaɗinsa ɗaya ne, motoci su dawo kafin faɗuwar rana, domin hanyar ba ta da kyau, kuma fitilar ɗaya motar ba ta da tabbas.

Shiri kam na yi shi. Na zaɓi Asabar don kada a shiga wa kowa Juma'arsa ko Lahadinsa. Na sa aka ɗora durom na ruwa a kowace mota, da tabarmi, na ce mata su yi guzurin dambu da dafaffen ƙwai, na sa aidin da bandeji a jakata. Na ce a tashi bayan sallar asuba don mu shiga kafin jama'a ta cika, kuma da isarmu zan nuna bishiya ɗaya wadda duk wanda ya ɓace zai koma gindinta. Har yau ina ba da shawarar a yi waɗannan duka.

Inda na fara ɓata aiki shi ne wajen rubuta sunaye. Na bi gida-gida, amma wane magidanci ne zai faɗa wa saurayi sunan matarsa? Sai na koma rubuta sunan mai gida da yawan mutanensa kawai. Da na zo kan Malam Sule, wani fitanmu mara yawan magana, sai ya ce tsohuwa ce, da mai ɗakinsa, da yara biyu. Sannan ya nuna wani yaro da haɓa, yana can yana gara tsohuwar tayar keke, ya ce, "Sai wancan." Na yi dariya na rubuta biyar.

Wancan ɗin shi ne Habu, ɗan farinsa, mai shekara shida. Ku yaran yanzu da kuke ɗaukar 'ya'yanku na fari a kafaɗa kuna yawo, sai an yi muku bayani. A zamanin nan kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta tambayar inda yake a gaban mutane, in ya faɗi a gabanta sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Uba ma haka. Da an yaye shi sai kaka ta ɗauka. Habu a ɗakin Inna Delu yake kwana, mahaifiyar Malam Sule, tana kiransa maigidanta. Ni Kirista ne, amma Bazazzagi ne, a gidanmu ma haka ake yi. Ni kaina ɗan fari ne, ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. Saboda haka ba ni da bakin cewa ban sani ba.

Ranar tafiya maza da manyan yara suka hau mota ɗaya, mata da ƙanana suka hau ɗayar, Habu yana kan cinyar kakarsa. Da hantsi muka isa. Wurin ya fi yadda aka faɗa: ƙarar inji, kiɗa daga lasifika, mutane kamar an juye kasuwanni uku wuri ɗaya. Na nuna musu wani mangwaro kusa da ƙofa na ce nan ne mahaɗarmu. An sha dariya ranar, ba zan ɓoye ba. Helmanmu, wanda in ya daka tsawa leburori ke rawar jiki, ya hau lilon sama ya sauko yana salati, ba hula, yana rantsuwar ko da kyautar bijimi ba zai sake ba.

Da rana ta take sai jiri ya kama Inna Delu, ta zauna a gindin mangwaro. Habu ya dame ta da kuka, shi sai ya ga dawakan katako. Ta hango wasu yaran unguwa za su bi iyayensu maza, ta tura shi cikinsu ta ce su riƙe shi. Ba ta ce wane ne zai riƙe shi ba. A tsakanin nan kuma gidaje uku ko huɗu suka same ni suka ce za su kwana wajen dangi a Kaduna, wasu su bar rabin yaransu, wasu su tafi da na maƙwabta. Na ce to, ban gyara takardata ba. Daga nan yawan da na rubuta ya tashi daga aiki.

Da la'asar na busa usur. Motar maza ta riga cika, direbanta yana ta matsa mini, na ce ya je. Kowa a cikinta ya ɗauka Habu ya koma wajen mata, shi kuwa Malam Sule ba zai buɗe baki ya tambaya ba. Na dawo bayan motar mata ina tambayar kowace ko sun cika. Inna Delu ta ce maigidanta ya bi maza. Kowa ya hau sai mace ɗaya, Hauwa, matar Malam Sule, da goyo a baya da yarinya a hannu. Tana tsaye tana kallon ƙofar filin.

"Malam," ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "ko za a ɗan dakata?"

"A dakata a jira wa?"

Ta dubi surukarta, ta dubi matan da suka zubo mata ido daga cikin mota, ta sunkuyar da kai.

"Akwai wanda ya rage ne? Ki faɗa mini."

Ta gyara goyonta kawai. Wata daga ciki ta ce ai lilo ne bai ishe ta ba, aka kwashe da dariya. Na dubi agogo, raina ya ɓaci, na ce in babu kowa ta hau mu tafi, ba zan sha faɗan Bature saboda ita ba. Ta hau. Daga baya na ji cewa tun ana lodin motar maza take tsaye nesa tana duban kowane yaro da ke hawa, kuma ta ga babu shi. Har muka iso Zariya tana zaune a ƙarshen mota, fuskarta na kallon baya. Ni ina gaba kusa da direba, ina jin daɗin na cika umarni.

Mun iso Tudun Wada da sauran rana. Maza suna tsaye a bakin hanya suna jiran iyalansu. Inna Delu ta sauko tana ɗingishi tana cewa ina maigidanta. Malam Sule ya dube ta ya ce, "Ba yana wajenku ba?" Hauwa ba ta yi kuka ba, ta dai zauna a ƙasa jikin tayar mota, da goyonta.

Na ruga gidan Manaja. Ya zazzage ni tas, sannan ya ba da motar mai fitila. Kafin mu tashi wata maƙwabciyar Hauwa ta ja ni gefe ta ce Hauwa ce ta aiko ta. Yaron yana sanye da shuɗiyar riga mai faci a hammatar hagu, yana da tabon ƙuna a gwiwar hannun dama, haƙorinsa ɗaya na gaba yana girgiɗi, yana tsoron kare, kuma ba ya amsa wa baƙo sai an ce masa Maigida. Matar da kowa ke ganin ko kallon yaron ba ta yi, ita ce ta san duk wannan. Ubansa ko launin rigar bai sani ba.

Ko da muka koma an rufe filin, masu gadi suka ce babu yaron da ya rage a ciki. Da safe muka je caji ofis. Sajan ya ɗauki alƙalami ya tambayi sunan yaro. Malam Sule ya buɗe baki, ya rufe, ya dube ni. Ni na faɗa. Kwana uku ana shela a lasifikar filin, mu kuma muna bin unguwanni da tasha da asibiti. A rana ta biyu wani mai sayar da alewa a bakin ƙofa ya ce ya ga yaro mai shuɗiyar riga ya fito yana kuka, yana duban inda motoci suka tsaya, sai wani mutum ya kama hannunsa suka tafi, shi ya ɗauka ubansa ne. Na tambaye shi yaushe ke nan. Ya ce motar mata ta tashi ke nan, ko kwanar ba ta gama sha ba.

Ba a ga Habu ba. Da mako ya ƙare baƙin suka naɗe kayansu suka yi Kudu, 'yan sanda suka bincike su ba a sami komai ba. Malam Sule ya ɗauki hutu, hutu ya ƙare bai dawo ba, ya dinga bin garuruwan da ke kan hanyar jirgi yana tambaya. Sai bayan damina ya dawo, ya rame, aikin ma an ba wani. Inna Delu ba ta kai baɗi ba.

Kamfani ya yi bincike yadda aka saba. Aka ba ni takardar tuhuma, na amsa a rubuce, babban akawu ya karanta, Manaja ya sa hannu. Hukuncin shi ne kamfani ba shi da laifi tunda uwar ba ta ba da rahoto ba, ni kuma aka yi mini gargaɗi kawai. Na ji sanyi a ranar, kuma ina jin kunyar wannan sanyin har yau. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne matan unguwa. Su ne suka fi kowa cewa wace irin uwa ce za ta yi shiru. Alhali da ta buɗe baki ta ce ɗanta ne babu, kuma aka same shi yana wasa a gindin mangwaro, su ɗin nan ne za su yi shekara suna kiranta mara kunya.

Daga ranar na canja yadda nake aiki. Kowane yaro sai na rubuta sunansa, in iyaye ba za su faɗa ba in tambayi kaka ko maƙwabta. Kowane yaro ina ɗaura shi a wuyan babba guda ɗaya, da suna, ba a ce "ku riƙe shi". Ina sa 'yar takarda mai sunansa da unguwarsu a aljihunsa. Motoci ba sa tashi sai tare, kuma ba na yarda da "ya bi waccan motar" sai na ga fuskar yaron da idona. Amma babban abin da na koya ba ya rubutuwa a takarda. Mutanenmu ba duk abin da ke cin su suke iya faɗa a gaban jama'a ba, kuma aikin mai walwala shi ne ya ji wanda ba a faɗa ba. In mace ta ce a dakata ba ta ba da dalili ba, a kashe mota, a sa wata dattijuwa ta ja ta gefe.

Bayan kamar shekara goma na haɗu da Hauwa a kasuwar Tudun Wada. Na so in kauce, amma ta riga ta gan ni. Muka gaisa, sannan a tsakiyar mutane, ba tare da ta rage murya ba, ta ce, "Malam Bulus, kai da kake yawan zuwa Kaduna, ko an taɓa jin labarin Habu?"

Na ce ba a ji ba. Ta ce to, Allah ya sa yana hannu nagari, ta ɗauki kwandonta ta wuce. Ta sake tambayata sau da yawa bayan nan, duk inda muka gamu, kuma har ta rasu ban sami wata amsar da zan ba ta ba.