Daro Uku na Iya Afiniki

Kafin jirgin Jos ya yi kuka da safe, Iya Afiniki ta riga ta sauke tulu na biyu daga rafi. Shekara ashirin da huɗu ke nan tana yi wa ma'aikatan reluwe wanki a Kafanchan. Tulu biyun nan su ne ruwanta na yini, alhali mu maƙwabtanta, tulu huɗu ma ba sa isar mu.

Daro uku take jerawa. Ruwan sabulu, in ya gama da kaya, ya wanke salga. Ɗaurayar farko a yayyafa wa tsakar gida. Ta ƙarshe kuwa, wadda ba kumfa, sai ta tara a randa saboda lemun tsamin da mijinta Meshak ya dasa a bayan ɗaki kafin ya rasu. Mu dai dariya muke yi, muna cewa ko ruwa sai ya yi wa Iya aikin lebura kafin ta sallame shi.

A ranin 1954 zazzaɓi ya kwantar da 'yar Rahmatu, maƙwabciyarta ta jikin katanga. Muka haɗa baki muka ce sauron randar Iya ne, muka kira duba-gari. Ya tarar ba murfi, ya sa aka fasa, muna tsaye muna kallo. Iya ta tsince kaskon ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "To. Ruwa ba zai ƙara kwana ba."

Tun daga ranar, duk ɗauraya da kanta take ciccibar daro zuwa gindin lemun, sau shida, sau bakwai a yini. Ganye ya yi ja, amma itacen bai mutu ba. Daga baya muka gane sauron daga kwatarmu yake, inda muke sheƙar da namu ruwan. Ba wanda ya je ya ba ta haƙuri. Kunya ce ta hana mu, kuma har yau abin yana ci mana rai.

Iya, ke ce kika tsinko wa Rahmatu ganyen lemun nan ta yi wa 'yarta surace, ba ki ce mata komai ba. Ke ce kika koya mana tattalin ruwa, mu kuma muka karya miki baya.

Yanzu bayan Iya ya ƙi ɗaukar daro, 'yarta za ta tafi da ita Kagoma. Jiya Rahmatu ta shigo da sabuwar randa, har da murfi. Iya ta shafa ta, ta yi murmushi.

"Ina zan kai ta, 'yata? Ajiye a gindin lemu. Na ƙarshe kawai za ki zuba, ban da mai kumfa."

Mun gode, Iya, ki yafe mana. Matan layin nan, kowa ta nemi daro na uku. Itacen Meshak yanzu a hannunmu yake.