Itacen Wankan Batulu

Hapsatu mai daddawa, mutuniyar Gwaram, ba ta taɓa taka ƙofar fada ba, amma wallahi majalisar fada ta gajiyar da ita fiye da dakan kalwa.

A shekarun da aka ƙulla amana da Ningi hanya a buɗe take, fatake na shiga da fita. A cikinsu ne wani mai suna Badaru, mutumin Ningi, ya ga 'yarta Batulu, suka daidaita, ya tafi da ita can cikin duwatsu. Da labarin ciki ya iso, Hapsatu ta duƙufa tara itacen wanka, don haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta, a tafasa wa mai jego ruwa safe da yamma. Kirya da marke kawai take zaɓa, masu daɗewa a wuta.

Kwatsam aka kore shanun wani babba a bakin iyaka. Sarki ya so a tura manzo a sasanta, 'yan majalisarsa a Birnin Kudu suka ce ina! Suka kafe har sai da ya bi su. Aka toshe hanya, kowa ya ƙetara a bakin ransa.

"Yaya Hapsatu, ki ƙona itacen nan, gara tana cinye shi," in ji maƙwabciyarta Hawwa.

"Na Batulu ne. A ina kika ga an yi jego da ruwan sanyi?"

Duk ranar kasuwa tana tare masu zuwa daga Birnin Kudu: me majalisa ta ce? Bana za a buɗe. A'a, wani dattijo ya ƙi. An kusa, mai shanu ya sake tayar da maganar. Su suna zaure mai sanyi suna ja-in-ja, ita tana dafa kalwa da kara, ga itace jibge a gabanta. Gara ta cinye, ta koma daji ta saro wani. Ta gaji, har tambayar ma ta fara yi mata nauyi.

Sai da tsofaffin majalisa suka ƙare aka maido da amana. A ayarin farko Badaru ya yi sallama, riƙe da hannun wata yarinya mai tafiya da ƙafarta. Batulu fa? Ya sunkuyar da kai. Ko arba'in ba ta yi ba bayan haihuwa, Allah ya yi mata rasuwa.

Hapsatu ta daɗe tana kallon tulin itacen.

"Hawwa," ta ce, "ɗebo mini wuta."

Ta tafasa ruwa, ta sirka, ta zaunar da jikarta a kan turmi, ta fara yi mata wanka.