Ƙwayoyin da Na Sha Shekara Uku

Ina koyar da lissafi a wata sakandare a Kafanchan lokacin da al'adata ta ɗauke. Ina tsakiyar darasi zafi zai taso mini daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya jiƙa ni har alli ya riƙa manne mini a yatsu. Likitar da na gani ta ce akwai ƙwayoyin da ke maye gurbin sinadarin da jikin mace ya daina samarwa. Kafin ta rubuta mini, ta tambaya ko an taɓa yin kansar nono a danginmu. Na ce a'a. Iyakar sanina ke nan. Ina shekara tara mahaifiyarmu ta rasu a Zonkwa, aka ce mana ciwon ƙirji ne.

Shekara uku ina shan su. Zafin ya tafi, na koma waƙa a zumuntar mata ta cocinmu.

Sai aka ga ƙari a nonon yayata, mai sayar da citta. Ranar da aka yi mata aiki, ni da ƙanwar mahaifiyarmu muna zaune a benci a barandar asibiti, tana ɓare dafaffiyar gyaɗa.

Ta ce, "Irin na uwarku ke nan. Ita ma na hagu ne. Kakarku kuwa ko asibiti ba a kai ta ba."

"Inna, me ya hana ku faɗa mana?"

"Ai ku yara ne."

Ta miƙo mini gyaɗa, na karɓa na ci.

Da na koma, likitar ta saurare ni ba ta katse ni ba. Ta ce akwai dangin da ke gadon wani abu a jini mai ƙara haɗarin ciwon, kuma ba a gama sanin yadda ƙwayoyin ke yi a jikin irinsu ba. Akwai gwaji, amma sai an aika jinin nesa. Ta ce in daina sha. Aka ɗauki hoton nonona, ba a ga komai ba. Na yi godiya, na hau babur na koma makaranta, na ƙarasa darasin ranar.

Yayata ta tashi, sai dai hannunta na hagu ba ya ɗaguwa sosai. Ban yi gwajin ba tukuna.

Ranar Lahadi bayan sujada na kira 'yata da ke aiki a Kaduna, na faɗa mata duka.

Ta ce, "Mama, har da ni ke nan?"

Na ce ban sani ba. Na tambaye ta ko ta ci abinci, ta ce ta ci.