Hanyar Doki a Tsakar Gida

Mai gidana, Allah ya jiƙansa, fata yake saye. A kan doki yake bin kasuwannin ƙauye, ya dawo gidanmu na Ƙofar Ran da yamma, shi da dokin duk suna warin ƙirgi. Dokin bikili ne, ja mai baƙar geza. Tun ina amarya na gane cewa a gidan nan doki ke fara karya kumallo. Kafin in dama koko sai na jiƙa masa dusa da 'yar kanwa. Na sha yin mita. Sai Malam ya ce, "Ke kina da bakin cewa yunwa. Shi fa?"

Abin da ya fi nanata min shi ne doki ba ya son tsayuwa. Ko ranar da ba kasuwa sai ya ɗaura sirdi ya zaga da shi bayan ganuwa. Yakan ce ƙarancin ci ba ya saurin lalata doki kamar daɗewa a turke.

Da farkon daminar shekarar da aka samu 'yancin kai zazzaɓi ya kwantar da Malam, bai tashi ba. Dakata da rubutun kaɗan, jikata. Bari in kurɓi ruwa.

Na shiga takaba, ba fita. Gidan daga ni sai Inna, mahaifiyarsa, sai uwarki tana goye, sai doki. Ci bai gagara ba, don masu ciyawa na kawowa har zaure. Ina kwashe kashinsa, ina zuba masa busasshen yashi kada laka ta ruɓar da kofato, da la'asar in yi masa hayaƙi saboda ƙuda. Fitar ce babu. Wani maƙwabci ya ce zai taimaka, ya hau shi sau ɗaya, ya dawo da shi linzami ya yanka masa baki. Ban sake ba shi ba.

Wata safiya na shafa ƙafafunsa na baya na ji sun kumbura, da ɗumi. Na danna da yatsa, wurin ya lotsa. Na tsaya ina jin maganar Malam a kunnena. Sai na gyara goyona, na kama ragama, na kwance shi. Muka bi ta bayan rijiya, muka zaga rumbu, muka wuce ƙofar madafa, muka dawo turke. Muka sake. Muka yi ta yi.

Inna ta leƙo ta ce, "Ke 'yar nan, lafiya? Mace da jan doki, kuma cikin takaba?"

Na ce, "Inna, fita aka hana ni. Ban taka zaure ba."

Sai ta ce, "To ki kawar min da turmi daga hanya kafin ya fasa shi."

Haka muka riƙa yi safe da yamma, ko ana yayyafi. Kumburin ya sauka. Ni ma a nan nake kukana, don doki ba ya cewa ka yi haƙuri.

Ƙanin Malam yana noma a Tirwun, sai Juma'a yake shigowa. Akwai wasa tsakaninmu tun ina amarya. Ranar da ya tarar da mu muna zagaye ya riƙe baki ya ce, "Matata, ina zuwa haka? Kun kusa Jos kuwa?"

Na ce, "Mun wuce. Rago ne kawai bai gan mu ba, yana barci a gindin dawa."

Ya yi dariya, sannan ya duƙa ya shafa cinyar dokin, dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Kin ceci ƙafarsa, amma dubi naman nan, ya saki. Tafiyar tsakar gida ba ta isar doki. Ki ba ni shi. Can akwai fili, harawa kuma na tafe."

Na ce a'a. Magada sun bar maganar a hannuna, ni kuwa ban iya rabuwa da shi ba. Rigar Malam na naɗe a adaka, ba ta motsi. Dokin nan shi kaɗai ne ke ɗaga kai ya dubi zaure daidai lokacin da Malam ke dawowa. Mu biyu muke jira.

Na fita takaba gari na ta kiɗan murnar 'yanci. Da safiyar nan, muna cikin zagaye, wani ya wuce ta bayan katanga a kan doki, yana sukuwa. Namu ya yi haniniya, ya fizgi ragama har ta ƙona min tafi. Ya tsaya yana rawar jiki, kunnuwansa a tsaye, har ƙarar kofaton ta ɓace. Sannan ya sunkuyar da kai ya kama hanyarmu ta bayan rijiya da kansa, ban ja shi ba. Wannan ya fi komai yi min ciwo. Na ga abin da na mayar da dokin Malam.

Da Juma'a ta zo ni na ɗauko sirdin. Na ce da ƙanin mijina, "Dusa kafin kokonka. Kuma kada ya wuni a turke."

Ya ce, "Na ji, matata." Bai ƙara wasa ba.

Inda muka riƙa takawa ya zama ɗan kwari a tsakar gida. Inna ta ce a cike, na ce a bari. Shekaru da yawa, in aka yi ruwa, nan yake bi: bayan rijiya, ya zaga rumbu, ya taru a gindin turke. Nakan zauna a bakin ƙofa in kalle shi har ƙasa ta shanye.