Ranar da na zuba wa ƙarfen Kaka ruwa

Jiya jikata ta tsoma tukunya mai zafi a ruwa, ta yi cuu, sai gabana ya faɗi kamar ina shekara tara.

A unguwar Moshi Zongo na tashi, gidan kakana maƙeri. Shekarar da aka sauke tutar Turawa, wani Bafillace da ke kiwo bayan ƙauyen Kasalgu ya kawo masa bindigar toka. Sifirin, wato lanƙwasasshen ƙarfen da ke tura kunamarta, ya karye, ga kura ta cinye masa maruƙa biyu, har ta fara bin garke da rana tsaka. Kaka ya yini yana zaɓen ƙarfe cikin tarkacen tsohuwar mota, yana ƙwanƙwasa kowane guntu yana kasa kunne. Da ya ƙera abin, sai ya binne shi a toka mai zafi, ya gargaɗe mu kada kowa ya taɓa sai ya huce da kansa, ya tafi masallaci.

Inna ta aike ni ɗebo garwashi. Ina tonawa ƙarfen ya gangaro kusa da ƙanena da ke rarrafe. Na kwara masa ruwan buta, na mayar da shi cikin toka, ban gaya wa kowa ba.

Washegari Kaka ya haɗa bindigar, ya ɗana ta sau biyu, ta riƙe. Bafillacen ya yi godiya ya rataya abinsa. Na sha jin Kaka yana cewa ƙarfen da ya sha ruwa ba kan ƙa'ida ba munafuki ne, sai ranar buƙata yake karyewa. Wajen hantsi na kasa daurewa, na durƙusa a ƙofar maƙera na faɗa masa.

Kullum amarya yake ce mini, amma ran nan bai ce ba. Ya ajiye masaba, ya ce in sa takalmi.

Bazara ce, ƙasa kamar wuta. Muka isa ruga, matar Bafillacen ta ce mijinta yana dawowa ya bi sawun kurar wajen rafi, shi da babban ɗansa. Tsoho mai ciwon gwiwa, sai ga shi yana sassarfa, ina binsa ina kuka. Kowane lokaci jira nake in ji kururuwa.

Muka iske su a gindin kaɗanya, ba su kai ga ramin kurar ba tukuna. Kaka ya karɓi bindigar, ya juya bakinta ƙasa, ya ja kunamar. Ƙas, sifirin ya rabe biyu a hannunsa.

Bafillacen ya dubi ɗansa, sannan ya tambayi yadda aka yi.

"Aikina ne bai yi kyau ba," in ji Kaka. "Ka ba ni kwana biyu."

A hanyar gida ya saya mini nono, ya tsaya sai da na shanye. Bai taɓa gaya wa Inna ba har ya rasu.

Yau inda maƙerar take shagon walda ne, kuma babu mai kawo bindiga gyara. Yara suna yi mini ɓarna a gida, in ɗaga murya, sai in tuna tsohon nan da ya ɗauki kunya a gaban baƙo saboda ni. Ni kam har yanzu ban iya irin nasa ba.