Ranar da Yaya Ya Hau Jirgin Yara

Ni 'yar Salaga ce, aure ya kai ni Bawku ina da shekara ashirin da biyu. Mijina direban babbar mota ne, yana kai albasa da gero kudu, don haka rabin wata ba ya gida. In ba ya nan, wansa ke iko da mu. Dillalin shanu ne, dogo mai tumbi, kullum cikin farar riga, carbi a hannu. Yaya nake ce masa, kuma har ƙasa nake durƙusawa in gaishe shi. Shi ne mai cewa mayafina ya yi shara-shara, shi ne mai tambayar abin da ya kai ni kasuwa sau biyu a rana ɗaya.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin, wasu mutane suka zo daga kudu da kayan wasan yara, suka kafa a wani fili kan hanyar Pusiga, suka kewaye da zana. Lokacin hutun Ista ne. Akwai lilo iri-iri, amma abin da ya tafi da hankalin yara shi ne wani dogon ƙarfe mai juyawa da inji, wanda aka rataya wa ƙananan jiragen sama na kwano da sarƙa. Kowane jirgi yaro ɗaya yake ɗauka. 'Yata ta fari, mai shekara shida, ta hango su daga bakin hanya, ta yi kwana uku ba ta da zance sai na jan jirgin. Ranar Litinin na yi mata kitso, na goya ƙanenta, muka tafi tare da maƙwabciyata, wata 'yar ƙabilar Kusasi mai sayar da koko.

Wurin na yara ne, amma an yi wa manya rumfa a gefe, ana sayar da giyar kwalba da fito, wato burukutun dawa. Waɗanda shan fito al'adarsu ce suna zaune a fili da ƙoransu, ba su dame ni ba. Maƙwabciyata ma ta sha ƙwarya guda, ta goge baki, ta dawo layi. Mazanmu na zango, unguwarmu ta Musulmi, su ne abin kallo. Ba sa zama a rumfar. Zagayawa baya suke yi kamar masu neman wurin fitsari, a juye musu a kwalbar lemo, su fito suna gaisawa da mutane da fuskar kirki, baki na wari.

Mun daɗe a rana, saura yara biyu a zo kan 'yata, sai ga Yaya ya ɓullo daga bayan rumfar da abokansa biyu. Hularsa ta karkace, idanunsa sun kaɗa. Bai gan ni ba. Ya tsaya gaban jiragen yana faɗa wa kowa cewa shi ya taɓa shiga jirgin gaske daga Tamale zuwa Accra, labarin da babu wanda bai ji ba a unguwarmu. Abokan suka ce to ya nuna wa yaran yadda ake tuƙi. Ya ture yaran gabanmu da gwiwa, ya nufi jan jirgin.

Mai injin, wani dattijo, ya yi ta roƙonsa da Turanci da guntuwar Hausarsa cewa sarƙar ba za ta ɗauke shi ba. Yaya ya ce ya san ko shi wane ne a garin nan? Ya cusa kansa ciki, gwiwoyi har haɓa, riga na jan ƙasa. Abokan suka tsaya kan dattijon har ya ta da injin.

Zagaye biyu aka yi. A na uku sarƙa ɗaya ta tsinke, jirgin ya kife, Yaya ya zubo ƙasa, mazagin wandonsa ya katse. Injin ya tsaya cak, wani yaro da ke jirgin baya ya buga baki da ƙarfe, jini ya ɓalle. Uwarsa ta ɗauke shi tana zagin Yaya da yaren Mosi, ban ji kalma ɗaya ba amma na fahimci duka. Abokan nan biyu kuwa, ko ƙurarsu.

'Yata ba ta yi kuka ba. Ta ja zanena ta ce, "Mma, Baba Babba ba shi da lafiya ne?"

Na ce mata e.

Babu wani nasa a wurin sai ni. Yana kwance ya yi amai a gaban rigarsa, yana dariya, wando a gwiwa, yara sun yi masa zobe. Na cire mayafina na rufe shi. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "A'a, amarya, ke ma kin zo tuƙi?" Maƙwabciyata ta samo mai amalanken jaki, aka ɗora shi kamar buhun gero, aka bi da shi ta bayan gari. Jiragen ba su sake juyawa ba har masu su suka kwashe kayansu.

Washegari da hantsi sai ga shi a gidanmu, ya yi wanka, ya sa wata farar rigar. Ya zauna kan kujerar mijina ya ce ya samu labarin na kai yara wurin da ake shan giya, kuma in ƙanensa ya dawo zai gaya masa. Ina tsaye da tsintsiya a hannu. Na ji gwiwata ta ƙi lanƙwasuwa.

Na ce, "Yaya, mayafina yana gidanka. A wanke a aiko mini."

Ya yi ta jan carbi, can ya tashi ya fita. Da mijina ya dawo Yaya bai gaya masa komai ba. Sai dai ya aika wa uwarsu a Yendi cewa matar ƙanensa ta yi girman kai, ta daina gaishe shi.

Tsohuwar ta aiko in je. Na same ta tana ɓarar gyaɗa a inuwar ɗaki, na zauna na sa hannu, na ba ta labarin tun daga farko, ban rage ko aman ba. Ba ta yi mamaki ba. Ta ce tun yana saurayi mahaifinsu ya sha jawo shi da kunne daga gidajen fito a nan Yendi, ta ɗauka girma ya raba shi da abin. Ta roƙe ni, saboda ita, in riƙa durƙusa masa in akwai mutane. Na yarda da wannan. In mu biyu ne, a tsaye nake ce masa ina kwana, shi kuma ya amsa yana kallon bango.

Da zan taho ta ba ni doya in kai gidan Yaya. Matarsa na tarar ita kaɗai tana wanki, mace mai shiru wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ta karɓi doyar, ta kawo mini ruwa, ta zauna kusa da ni kan turmi. Ta ce shekara goma sha ɗaya tana wanke rigunan da ya ɓata cikin maye kafin kowa ya shigo gidan, ko mahaifiyarta ba ta taɓa gaya wa ba. Sannan ta tambaye ni ko da gaske ne a jirgin yara ya faɗo. Na ce da gaske ne, jan jirgin. Ta rufe baki da bakin zane, kafaɗunta na rawa, har hawaye suka zubo mata don dariya.